Sarakunan Bani Isra'ila da dokar da ke bisa kansu: tambayoyi da amsoshi

Labarin Bani Isra'ila ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe. Sunayenmu ma sun isa shaida: Yakubu, Yusufu, Musa, Haruna, Dauda, Sule, Iliya, Bilkisu. Musulmi na jin labarinsu a wajen tafsiri, Kirista na karanta shi a Tsohon Alkawari. Sai dai yawancin abin da ke yawo a bakin jama'a a cakuɗe yake, ba a rarrabe aya da hadisi, ba a rarrabe abin da ya fito daga littattafan Yahudawa da ƙarin gishirin mai ba da labari. A amsoshin nan na faɗi inda kowace magana ta fito. Shekarun da na kawo lissafin masana tarihi ne, kuma yawancinsu na kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ne.

Su wane ne Bani Isra'ila?

Zuriyar Annabi Yakubu ne, ɗan Is'haƙa, jikan Ibrahim (AS). Isra'ila shi ne ɗaya sunan Yakubu, 'ya'yansa maza goma sha biyu kuma su ne tushen ƙabilunsu goma sha biyu. Sun shiga Masar a zamanin Annabi Yusufu, suka yawaita, aka bautar da su, Annabi Musa ya fito da su. Alƙur'ani da Attaura duk sun ambaci shekara 40 da suka yi suna ɗimuwa a jeji kafin su shiga ƙasar Kan'ana, bayan rasuwar Musa, a ƙarƙashin Yusha'u ɗan Nun, wanda Littafi Mai Tsarki ke kira Joshuwa.

Ƙasar da ake kira Isra'ila yau an kafa ta a 1948, fiye da shekara 2500 bayan faɗuwar sarki na ƙarshe daga gidan Dawuda. Maganarmu a nan kan mutanen dā ce.

Tun asali da sarakuna suka tashi?

A'a. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ce annabawa ne ke jan ragamar Bani Isra'ila, duk wanda ya rasu wani ya gaje shi. Littafin Mahukunta a Tsohon Alkawari ya nuna kowace ƙabila tana zaman kanta, sai yaƙi ya taso a sami jarumin da zai tara su, irin su Gidiyon da Samson. Har mace akwai a cikinsu, Debora, wadda ke zama ƙarƙashin itacen dabino mutane na kawo mata ƙara. Da aka yi wa Gidiyon tayin sarauta, shi da 'ya'yansa, ƙi ya yi, ya ce Ubangiji ne zai mulke su.

To me ya sa suka nemi a naɗa musu sarki?

Wuya ce ta kai su. Suratul Baƙara, daga aya ta 246, ta kawo yadda manyansu suka je wa wani annabi nasu suka ce ya naɗa musu sarki su yi yaƙi, don an fitar da su daga gidajensu an raba su da 'ya'yansu. Alƙur'ani bai faɗi sunan annabin ba. Malaman tafsiri da yawa sun ce Shamwilu ne, wato Sama'ila na Littafi Mai Tsarki (ba Annabi Isma'ila ba, mutane na yawan rikita su).

Littafin Sama'ila na ɗaya ya ƙara bayani. Filistiyawa, mazauna bakin teku, sun fi ƙarfinsu har sun hana a sami maƙeri ko ɗaya a ƙasar Isra'ila, kada a ƙera takobi ko mashi. Manomi in zai wasa garmarsa ko gatarinsa sai ya gangara wajen maƙiyinsa ya biya kuɗi. Ga Sama'ila ya tsufa, 'ya'yansa da ya ɗora a kan shari'a suna cin hanci.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne amsar da annabin ya ba su. A Alƙur'ani tambayarsu ya yi, anya in an wajabta muku yaƙin ba za ku noƙe ba? A babi na 8 na Sama'ila na ɗaya kuwa, sai ya zayyana musu halin sarauta ɗaya bayan ɗaya. Sarki zai kwashi 'ya'yanku maza su zama mahayan dawakinsa da masu gudu gaban karusarsa, wasu su nome masa gona. Zai kwashi 'ya'yanku mata su zama masu dafa masa abinci da haɗa turare. Zai ƙwace gonakinku masu kyau ya ba fadawansa, ya karɓi ushirin hatsinku da na tumakinku. Ranar da za ku yi kuka saboda sarkin da kuka zaɓa, ba za a amsa muku ba. Suka ji duk wannan, suka ce su dai a ba su sarki kamar sauran al'ummai.

Akwai wata doka da aka gindaya wa sarkin kansa?

Akwai, kuma a ganina ita ce mabuɗin labarin sarakunan nan gaba ɗaya. Tana cikin Maimaitawar Shari'a, littafi na biyar na Attaura, babi na 17. Sarki ya zama ɗan'uwansu, ba baƙo ba. Kada ya tara dawakai, kada ya mai da mutane Masar neman dawakai. Kada ya tara mata. Kada ya tara wa kansa azurfa da zinariya. Sannan in ya hau gadon sarauta ya rubuta wa kansa kwafin dokar, ta kasance tare da shi, ya riƙa karanta ta muddin ransa, don kada zuciyarsa ta ɗaukaka bisa 'yan'uwansa.

A duba zamanin da ake magana. A Masar, Fir'auna abin bauta ne, bakinsa shi ne doka. A nan kuwa doka ta riga sarki zuwa, daga Sina'i ta fito tun babu fada babu fadawa, kuma ba shi da ikon ƙara mata ko rage ta. Alƙur'ani ya zo da irin wannan a Suratu Sad, aya ta 26, inda Allah ya ce wa Dawuda an sanya shi halifa a bayan ƙasa, ya yi hukunci tsakanin mutane da gaskiya, kada ya bi son zuciya. Annabi ne, sarki ne, amma ga gargaɗi an yi masa kai tsaye.

Littattafan Sarakuna biyu na Tsohon Alkawari da wannan ma'auni suke auna kowa. Sarki zai gina birane ya ci yaƙe-yaƙe, a taƙaita shi a layi kaɗan, a rufe da cewa ya aikata mugunta a gaban Ubangiji. Omri, ɗaya daga sarakunan da suka zo bayan Sulaimanu, misali ne. Shi ya gina Samariya, har Assuriyawa suka daɗe suna kiran ƙasar da sunan gidansa, amma ayoyi ƙalilan aka ba shi.

Ɗalutu shi ne Saul?

Ɗalutu shi ne sunan da Alƙur'ani ya kira sarkin da aka naɗa musu, Saul kuma sarkinsu na farko a Littafi Mai Tsarki. Mutum ɗaya ne a wajen mafi yawan malamai. Littafin Sama'ila ya ce daga ƙabilar Biliyaminu yake, mafi ƙanƙanta a cikinsu, ya fi kowa tsawo daga kafaɗa zuwa sama, kuma neman jakunan babansa da suka ɓata ya fita yi ya haɗu da annabin. Alƙur'ani ya kawo ƙorafin manyan gari, wai ta yaya zai mulke su alhali ba shi da dukiya. Aka ce musu Allah ya zaɓe shi, ya ƙara masa yalwar ilimi da ta jiki.

Jarrabawar kogi, inda Ɗalutu ya hana rundunarsa sha sai wanda ya kamfata da hannu, tana aya ta 249. Kaɗan ne suka daure. Bukhari ya ruwaito daga Bara'u ɗan Azib cewa sahabbai kan ce adadin mutanen Badar daidai yake da na waɗanda suka haye kogin da Ɗalutu, ɗari uku da goma sha wani abu. A Tsohon Alkawari akwai jarrabawar shan ruwa mai kama da wannan, amma a labarin Gidiyon take, da mutum 300.

Alƙur'ani bai faɗi ƙarshen Ɗalutu ba. Duk abin da ake ji na kishinsa da Dawuda, da farautarsa a cikin duwatsu, da mutuwarsa a Dutsen Gilbowa, daga Littafin Sama'ila yake.

Mene ne akwatin da aka ba su alama, kuma ina yake yanzu?

Annabinsu ya ce musu alamar sarautar Ɗalutu ita ce akwatin nan zai zo musu. Alƙur'ani ya ce a cikinsa akwai natsuwa daga Ubangiji da sauran abin da gidan Musa da gidan Haruna suka bari, mala'iku na ɗauke da shi. Littafin Fitowa ya siffanta shi: akwatin katako ne da aka dalaye da zinariya, tsawonsa kamu biyu da rabi, a ciki aka ajiye allunan doka. Filistiyawa sun taɓa ƙwace shi a yaƙi, ya yi wata bakwai a hannunsu, annoba ta sa suka ɗora shi a keken shanu suka mayar. Daga baya Sulaimanu ya sa shi a ƙuryar Haikali, babban ɗakin ibadar da ya gina a Ƙudus. Bayan rushewar Haikalin a 586 ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Cocin Habasha na cewa yana wajensu a birnin Aksum, mai tsaro ɗaya kaɗai ke shiga inda yake, ba a taɓa bari masu bincike sun duba ba.

Me aka sani game da mulkin Annabi Dawuda?

Kashe Jalutu, jarumin maƙiyansu da Littafi Mai Tsarki ke kira Goliyat, a Alƙur'ani gajeren zance ne, Dawuda ya kashe Jalutu, Allah ya ba shi mulki da hikima. Majajjawa da duwatsu biyar masu sulɓi, da yaro makiyayi da ya kawo wa yayyensa abinci a fagen fama, waɗannan daga babi na 17 na Sama'ila na ɗaya suke.

Ya hau mulki wajen shekara ta 1000. Ya yi kimanin shekara 40, bakwai da rabi a Hebron, garin da Larabawa ke kira Al-Khalil, 33 a Urushalima, wato Ƙudus, wadda ya ci daga hannun Yebusiyawa ya mai da ita babban birni. Dabara ce babba, don garin ba na kowace ƙabila ba ne a cikinsu, babu mai cewa an fifita wani.

Alƙur'ani ya fi tsayawa kan ibadarsa da sana'arsa: an ba shi Zabura, duwatsu da tsuntsaye na tasbihi tare da shi, an tausasa masa baƙin ƙarfe yana saƙa sulke. Ka tuna mutanen da a jiya ba su da maƙeri ko ɗaya. Hadisi ya ce daga aikin hannunsa yake ci, azuminsa kuma, yau a yi gobe a sha, shi ne mafi soyuwa ga Allah. Zaburar da ke cikin Littafi Mai Tsarki waƙoƙi 150 ne, kusan rabinsu na ɗauke da sunansa.

Malam, labarin Dawuda da matar Uriya yana cikin Alƙur'ani?

Babu shi. A nan ne aka fi samun cakuɗuwa, don haka a bi a hankali.

Sama'ila na biyu, babi na 11 da 12, ya ce Dawuda ya ɗauki Bat-sheba matar sojansa Uriya, ya sa aka tura mijin gaba-gaba a yaƙi aka kashe shi. Annabi Natan ya shigo fada da misali: wani attajiri mai garke ya yi baƙo, ya bar nasa ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tilo ta maƙwabcinsa matalauci, wadda ke ci a akushinsa tana kwana a ƙirjinsa. Dawuda ya husata ya ce mai wannan aiki ya cancanci mutuwa. Natan ya ce masa kai ne mutumin. Yahudawa da Kirista sun karɓi labarin yadda yake, suna karanta Zabura ta 51 a matsayin tubansa.

Abin da Suratu Sad ta kawo shi ne masu husuma biyu da suka hauro masa katanga, ɗaya ya ce ɗan'uwansa na da tumaki 99, shi yana da ɗaya, kuma yana so ya haɗa da ita. Dawuda ya yanke hukunci, ya gane jarraba shi aka yi, ya nemi gafara ya faɗi yana mai ruku'u. Babu mace, babu Uriya. Malaman Musulunci ba su yarda annabi zai aikata zina ko kisan gilla ba. Ibn Kasir, da ya iso wurin a tafsirinsa, ya ce yawancin ƙissar da ake kawowa daga Isra'iliyyat take, wato labaran da aka ɗauko daga Ma'abota Littafi, babu ingantaccen hadisi a kanta, gara a tsaya ga karatun ayar a bar saninta ga Allah.

Saɓanin na gaske ne, bai kamata a shafe shi don a faranta wa wani ba. Musulmin da ke ba da labarin ya san ba daga littafinsa yake ba, Kirista kuma ya san dalilin da maƙwabcinsa ke ƙin sa. Duk da haka, a littattafan biyu an shiga wa sarki har ɗaki da maganar haƙƙin mai tunkiya ɗaya, kuma a duka biyun sarkin ne ya sunkuyar da kai.

Annabi Sulaimanu fa, me ya sa labarinsa ya bambanta tsakanin littattafan?

Inda suka haɗu ya fi yawa. Hukuncin mata biyu da jariri yana Sarakuna na ɗaya babi na 3, yana kuma cikin Bukhari da Muslim. A can ɗaya ce ta danne ɗanta cikin barci, a hadisi kyarkeci ne ya ɗauke shi, amma dabarar ɗaya ce: a kawo abin yanka a raba yaron, uwar gaskiya ta ce a bar wa ɗayar. Suratul Anbiya ta kawo wata shari'ar, ta tumakin da suka shiga gona da dare. Masu tafsiri sun ce Dawuda ya ba mai gona tumakin, Sulaimanu ya ce mai gona ya riƙe su yana amfana da nono da gashi, mai tumaki ya gyara gonar, in ta dawo yadda take kowa ya karɓi nasa. Duk wanda ya taɓa zama a fadar dagaci bayan shanu sun yi ɓarna ya san nauyin hukuncin da ba ya tsiyata kowane ɓangare.

Littafin Sarakuna ya ce ya gina Haikali cikin shekara bakwai, fadarsa cikin goma sha uku, da katakon al'ul daga Lebanon wanda Hiram sarkin Taya ya aiko. Alƙur'ani ya ambaci iska da aljannu da aka hore masa, da jin maganar tsuntsaye da tururuwa, da rasuwarsa a tsaye dogare da sanda har gara ta cinye ta.

Inda littattafan suka rabu yana Sarakuna na ɗaya, babi na 10 da 11. An lissafa karusai 1,400, dawakai daga Masar, zinariya talanti 666 a shekara (talanti babban ma'aunin nauyi ne), mata 700 da ƙwaraƙwarai 300, wato abubuwa ukun nan da dokar sarki ta hana tarawa, sannan aka ce matansa sun karkatar da zuciyarsa ga gumaka da ya tsufa. Alƙur'ani ya kore wannan a fili a Baƙara aya ta 102, Sulaimanu bai kafirta ba, shaiɗanu ne suka kafirta. A Suratu Sad kuma an kira shi madalla da bawa, mai yawan komawa ga Allah.

Sunan Bilkisu yana cikin Alƙur'ani?

Babu. Suratun Namli ta ce mace ce ke mulkin Saba'i, alhudahuda ya kawo labarinta. Littafin Sarakuna ma sarauniyar Sheba kawai ya ce. Sunan Bilkisu daga masu tafsiri da tarihi ya zo. Saba'i tana Yaman, babban birninta Ma'arib. Habashawa na kiranta Makeda, sarakunansu kuma har zuwa Haile Selassie, wanda aka tumɓuke a 1974, suna danganta kansu da ita da Sulaimanu.

Me ya raba masarautar gida biyu?

Haraji da aikin tilas, a yadda Littafin Sarakuna ya kawo. Gine-ginen Sulaimanu sun ci mutum 30,000 da ake turawa Lebanon, dubu goma kowane wata. Da ya rasu, wajen 930, jama'a suka taru a Shekem suka roƙi ɗansa Rehobowam ya sassauta. Dattawan fada suka ce ya saurare su, za su bi shi har abada. Samarin da suka tashi tare da shi suka ce ya nuna musu ƙarfi. Ya bi ta samari, ya ce mahaifinsa da bulala ya hore su, shi da kunamai zai yi. Ya kuma aika musu da shugaban aikin tilas ɗin kansa, Adoram, suka jefe shi har lahira, sarki ya haye karusa ya tsere.

Ƙabilu goma suka bi Yerobowam suka kafa masarautar Isra'ila a arewa. Yahuza da Biliyaminu suka zauna da gidan Dawuda a kudu. Arewa ta fi arziki da yawan jama'a, amma juyin mulki bai bar ta ta huta ba. Wani sarkinta, Zimri, kwana bakwai ya yi.

An taɓa samun talakan da ya ce wa sarki a'a?

Nabot, mutumin Yezreyel. Gonar inabinsa na jikin fadar sarki Ahab, sarki na so ya mai da ita lambu. Ya yi masa tayin wata gonar da ta fi ta, ko kuɗi. Nabot ya ce Allah ya sawwaƙe ya ba da gādon kakanninsa. Doka na bayansa, don Littafin Firistoci babi na 25 ya hana sayar da ƙasa har abada, ya ce ƙasa ta Allah ce. Ahab ya koma gida ya kwanta ya juya fuska, ya ƙi cin abinci. Ya san ba shi da hanyar ƙwacewa.

Matarsa Yezebel, 'yar sarkin Sidon, ba ta taso a inda ake ce wa sarki a'a ba. Ta rubuta wasiƙu da sunansa ta buga hatiminsa, ta umarci dattawan garin su yi shelar azumi, su zaunar da Nabot a gaba, su samo 'yan iska biyu su shaida ya zagi Allah da sarki. Biyu, saboda doka ba ta karɓar shaidar mutum ɗaya. Aka fitar da shi bayan gari aka jefe shi. Ahab na cikin zagaya sabuwar gonarsa sai ga Iliya, wanda Musulmi ke kira Ilyasu, ya tare shi da tambaya: ka yi kisa, ka kuma ci gādo? Labarin na Sarakuna na ɗaya babi na 21. Alƙur'ani bai kawo shi ba, amma ya ambaci Ilyasu yana yi wa mutanensa faɗa kan bautar Ba'al, gunkin da Yezebel ta ɗaure wa gindi.

Abin da ke ci mini rai a labarin nan dattawan garin ne. Sun san Nabot, sun san ƙarya ce, suka aiwatar.

Ban da Dokoki Goma, waɗanne dokoki ne a Attaura?

Malaman Yahudawa sun ƙidaya 613. Akwai na ibada da hadaya da tsarki, akwai na abinci: alade haram ne, raƙumi ma haka, abin da Suratul An'am aya ta 146 ta yi nuni da shi. Ƙisasi, rai da rai, ido da ido, yana Fitowa babi na 21, Suratul Ma'ida aya ta 45 kuma ta tabbatar an rubuta musu shi. Hutun Asabar ya haɗa har da bawa da jaki.

Waɗanda ba a cika ambata ba su ne na kare mai ƙaramin ƙarfi, kuma sun cancanci a san su. Mai gona kada ya girbe har gefe, kada ya koma kala, ya bar wa matalauci da baƙo. A biya ɗan ƙodago kafin rana ta faɗi. Kada a karɓi dutsen niƙa jingina, don abincin gida ke nan. In ka karɓi mayafin matalauci jingina, ka mayar masa kafin dare ya sami abin rufa. Kada a ci ruwa a bashin ɗan'uwa. Kowace shekara ta bakwai a yafe basussuka, bawa Ba'ibrane kuma in ya yi shekara shida a sake shi, kada a sallame shi hannu wofi. A shekara ta hamsin gonaki su koma ga masu su na asali. Har mai gina soro an ce ya yi wa rufinsa kariya kada wani ya faɗo.

Ko an bi su? Annabawansu da kansu sun ce sau da yawa ba a bi ba. Amos ya zarge su da sayar da matalauci a kan kuɗin takalmi. Annabi (SAW) kuma, a hadisin matar nan Bamakhzumiya da ta yi sata, ya ce abin da ya halaka waɗanda suka gabata shi ne in babba ya yi sata su ƙyale shi, in mai rauni ya yi su tsayar masa da haddi. A wata ruwayar Bukhari, Bani Isra'ila ya ambata da suna.

Ya halatta Musulmi ya ba da labaran da ba su cikin Alƙur'ani da hadisi?

Hadisai biyu na Bukhari ne ginshiƙi. Ɗaya ya ba da izinin a ba da labari daga Bani Isra'ila, babu laifi. Ɗayan ya ce kada a gaskata Ma'abota Littafi, kada a ƙaryata su. Daga nan malamai irin su Ibn Taimiyya da Ibn Kasir suka kasa Isra'iliyyat uku: abin da ya dace da namu a karɓa, abin da ya saɓa a bari, abin da aka yi shiru a kansa a iya faɗa ba tare da an gina hukunci ko aƙida a kai ba. Da yawan waɗannan labarai sun shigo tafsiri ta hannun Ka'abul Ahbar da Wahbu ɗan Munabbih. Roƙona ga masu wa'azi ɗaya ne, in za a kawo irin wannan a gaya wa masu sauraro daga ina yake.

Akwai shaidar sarakunan nan a wajen littattafan addini?

Akwai, musamman na baya-baya. Dutsen Fir'auna Merneptah, na wajen 1208, wanda ke gidan tarihi a Alƙahira, shi ne rubutu mafi tsufa da ya ambaci Isra'ila. A 1993 aka tono wani dutse a Tel Dan mai ɗauke da kalmomin gidan Dawuda. Dutsen Mesha sarkin Mowab, da aka samu a 1868, yanzu yana Faransa, ya ambaci Omri. Wani baƙin ginshiƙi na Assuriya da ke Landan ya nuna Yehu sarkin Isra'ila, ko jakadansa, durƙushe yana kai gaisuwa. Ramin ruwan da Hezekiya sarkin Yahuza ya haƙa cikin dutse a ƙarƙashin Ƙudus, mita 533, har yau ruwa na bi ta cikinsa. Sennakerib sarkin Assuriya kuma ya rubuta da kansa cewa a 701 ya kulle Hezekiya a birninsa kamar tsuntsu a keji, amma bai ce ya ci birnin ba.

Ɗalutu da Sulaimanu ba a sami rubutun zamaninsu da ya ambace su ba, masu tonon ƙasa kuma na gardama kan girman masarautar a ƙarni na goma.

Yaya sarautar ta ƙare?

Arewa ce ta fara faɗuwa. Assuriyawa suka ci Samariya a 722, suka kwashe mutane suka warwatsa, suka zubo wasu a madadinsu. Yahuza ta ƙara shekara 136.

A cikin shekarun nan akwai uba da ɗa da suka ishi mai nazari. Wajen 622, ana gyaran Haikali, aka tsinci littafin doka da aka manta da shi. Da aka karanta wa sarki Yosiya sai ya kece tufafinsa, ya tara jama'a ya karanta musu da bakinsa. Ɗansa Yehoyakim kuwa, da aka kawo masa naɗaɗɗen littafin gargaɗin Annabi Irmiya, yana zaune a ɗakin hunturu da kaskon wuta a gabansa. Mai karatu ya karanta shafi uku ko huɗu, sarki ya sa wuƙa ya yanke ya jefa a wuta, haka har littafin ya ƙare. Irmiya ya sa aka sake rubuta shi, da ƙari.

Sarki na ƙarshe Zadakiya ne. Da Nebukadnezzar na Babila, wanda littattafan Larabci ke kira Bukhtanassar, ya kewaye birnin, Zadakiya da manyan gari suka tuna da dokar sakin bayi, suka yi alkawari a Haikali suka sake su. Da rundunar ta ɗan janye saboda Masarawa sun taso, sai suka bi bayin suka kamo su. Babiloniyawa suka dawo. A 586 aka fasa ganuwa, aka ƙone Haikali, aka yanka 'ya'yan Zadakiya a gabansa, aka ƙwaƙule masa idanu aka tafi da shi Babila cikin sarƙa. Farkon Suratul Isra'i ya yi maganar ɓarna biyu da Bani Isra'ila za su yi da mayaƙan da za a aiko musu, masu tafsiri da dama na ganin wannan na cikinsu, ko da yake sun saɓa a kan wacce ce.

Sairus na Farisa ya ci Babila a 539, ya ba su izinin komawa, aka gama Haikali na biyu wajen 516. Wanda ya jagoranci ginin, Zarubabel, jinin Dawuda ne, amma gwamna ne a ƙarƙashin Farisa. Daga baya an yi sarakuna daga gidan Hasmoniyawa da gidan Hirudus, babu ɗayansu daga zuriyar Dawuda, har Rumawa suka rushe Haikalin na biyu a shekara ta 70 bayan haihuwar Annabi Isa (AS).